Yadda Baba Ya Shuka Tagwayensa a Makaranta Biyu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Iro, wanda daga ƙauyenmu har kasuwar Kafin Maiyaƙi ba a san shi da wani suna ba sai Iro Mai Gwaji. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Duk shekara idan masara ta fara goyo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta ina zan kama. Wasu suna tuna iyayensu da wasiyya, wasu da gadon gona. Ni abin da ya fi tsaya min game da nawa shi ne ya taɓa shuka ni a wata makaranta, ya shuka ɗan'uwana a wata, ya koma gefe yana jiran kaka.

Sunan nan ya samo shi ne tun kafin a haife mu. Wani malamin gona ya zo ya roƙi 'yan kunyoyi a gonarsa, ya sa wa rabi takin zamani, ya bar rabi haka nan, don manoma su gani da idonsu. Da kaka ta yi, ɓangare ɗaya ya fi mutum tsawo, ɗayan kuwa ko akuya ba za ta ɓuya a ciki ba. Malamin gona ya hau kekensa ya tafi, amma ya bar wa Baba ciwon da bai warke ba har ya koma ga Allah. Daga ranar ba ya yarda da maganar kowa sai ya gwada. Gani ya kori ji, in ji shi. Ya gwada kaji, ya gwada batirin rediyo, ya gwada maganin sauro. Akwai wanzamai biyu a kasuwa da kowannensu ke cewa hannunsa ya fi sanyi. Baba ya zauna gaban ɗaya aka aske masa ɓarin dama, ya kifa hula, ya tsallaka wajen ɗayan aka aske ɓarin hagu. Ya dawo gida da auduga manne a wuri uku, duka a hagu, yana murna kamar wanda ya ci kasuwa.

A wancan lokacin makarantun firamare biyu na gwamnati ne a kusa da mu. Ɗaya tana cikin gari, bakin titin da motocin Kano ke bi, muna ce mata Ta Bakin Titi. Ɗayar tamu ce ta ƙauye, sai ka haye rafi, muna ce mata Ta Ƙetare. Gwamnati ɗaya, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya. Amma duk shekara idan sakamakon shiga sakandare ya fito, sai a yi ta guɗa a cikin gari, mu kuwa a ƙetare sai a ce Allah ya kai mu baɗi. A majalisa an riga an yanke hukunci: wai 'ya'yan ƙetare kansu ne da tauri. Hedimastan Ta Bakin Titi, Malam Garba, mutum mai ƙaton agogo da son a ji shi, yakan ce abin iri ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba yakan ce ba iri ba ne, ƙasa ce. Sun shekara suna wannan musu, babu mai hujja.

Sai Allah ya ba Baba tagwaye, Hasan da ni Usaini, kamarmu ɗaya kamar an tsaga kara. An ce ranar suna, maimakon ya yi ta amsa barka, sai aka gan shi yana kallonmu yana murmushi shi kaɗai. Waɗanda suka san shi suka ce Allah ya kiyaye yaran nan.

Da muka isa shiga makaranta ya tara mu ya bayyana shirinsa. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, tuwo ɗaya. Ɗaya zai je Bakin Titi, ɗaya Ƙetare, bayan shekara shida a auna. Mahaifiyarmu, Inna, tana tankaɗe ta ɗago kai ta ce, "Malam, 'ya'yan nawa ne masara?" Ya ce mata ai ilimi ake nema wa ƙauye gaba ɗaya. Don kada a ce ya yi son kai, ya karya kara biyu, dogo da gajere, ya dunƙule a hannu ya ce mu zara. Na zari gajere, Ƙetare ta zama rabona.

Ba zan ce Baba ya yi sakaci da gwajinsa ba. Ludayin kokonmu ɗaya, takalmanmu iri ɗaya, lokacin kwanciyarmu ɗaya. Idan Hasan ya yi laifi aka zane shi, sai a kira ni nima a ɗan taɓa ni, wai don kada gwajin ya karkata. Na sha bulalar da har yau ban san laifinta ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa zaunar da mu ya tambaye mu karatu ba. Ya ce manomin kirki ba ya tone iri don ya duba ko ya tsira.

Bari in faɗa wa mai karatu yadda Ta Ƙetare take. Malamanmu biyu ne. Akwai Malam Danladi, shi ne hedimasta, shi ne malamin aji ɗaya har zuwa shida, shi ne mai buga tsohon wilin motar da muke kira ƙararrawa, kuma shi ne mai korar awakin da ke kwana a aji uku. Sai malamin Arabiyya, dattijo mai haƙuri, wanda yake zaune a ƙauyen. Malam Danladi daga cikin gari yake zuwa, don haka idan rafi ya kawo, makaranta ta tashi. Mukan tsaya a wannan gaɓa, shi a waccan, ya ɗaga mana alli mu ɗaga masa hannu, kowa ya kama gabansa. Turancinmu gaisuwa ɗaya ce, ta safe, da ita muke gaida baƙo ko da magariba ya zo. Lissafi kuwa waƙa ce mai daɗi da muke rerawa har mu kai gidan uku, daga nan sai murya ta yi ƙasa, a koma farko.

A Bakin Titi kuwa malamai har sun yi yawa, wasu sai dai su zauna a inuwa suna ɓare gyaɗa suna jiran a sami ajin da ba kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk malamin da aka ɗauka aiki yana son inda mota za ta sauke shi ya taka ƙafa biyu ya shiga aji, kuma kowa yana da wani kawu da zai yi masa magana. Ƙetare kuwa ta zama abin yi wa malami barazana: ka kiyaye ni ko in sa a haye da kai.

Inna ta yi haƙuri har muka shiga aji biyu. Wata rana da yamma ta ji Hasan yana karanta rubutun jikin gwangwanin madara, ni kuma na karɓa na riƙe shi a kife ina gyaɗa kai. Ranar Litinin, Baba ya yi sammakon gona kamar kullum, sai ta miƙo min riga mai ruwan bula ta Bakin Titi, ta miƙa wa Hasan koriyar rigata da ta koɗe. Ta ce, "Wannan satin kai ne Hasan, kai kuma Usaini. Ko nama ne a gidan nan rabawa ake yi." Haka muka ci gaba, sati nawa, sati nasa, har muka kai aji shida.

Hasan bai yi gardama ba, don a Ƙetare akwai mangwaro da kamun kifi, kuma ba mai dukan makara. Ni ma ban yi ba, don a Bakin Titi akwai benci da mai ƙosai. Matsalar kawai ita ce ilimin ya zo mana a yanke. Ni na iya tarawa da ninkawa, Hasan ya iya ɗebewa da rabawa. Na san farkon labarai da yawa a littafin karatu waɗanda har yau Hasan ne kaɗai ya san ƙarshensu. Kuma da yake Malam Danladi ya naɗa Usaini monita, duk wanda ya sa koriyar riga a cikinmu shi ke tsayawa gaban aji idan malam yana wani ajin, ya juye musu abin da ya kwaso a satin da ya wuce.

Ba a ɓoye cibi ranar wanka. Da muka kusa gama aji shida, Baba ya bi ya dami kowa har sai da aka sa rana. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron Ta Ƙetare. Mai unguwa ya zo, iyayen yara suka zo, Malam Garba ya zo da agogonsa, sannan mai duba makarantu, wani siririn mutum mai gilashi da ake kira Supa, ya iso a kan babur. Mata suka taru a cikin aji biyar suna leƙe ta tagar da ba ta da murfi. Abin da Baba ke nema a fili yake: a gani da ido cewa laifin ba na yara ba ne, a turo mana malamai.

Ya tsayar da mu gaba kamar mai tallan raguna. Ya yi jawabin iri da ƙasa, ya ce a tambaye mu duk abin da aka ga dama. Supa ya dubi mai rigar Bakin Titi ya ce bakwai sau takwas. Hasan ya kalli sama, ya kalli ƙasa, don gidan bakwai a satina aka yi shi. Ni kuwa, ɗan Ƙetare, bakina ya kasa haƙuri, na faɗi amsa. Aka kawo rabawa, na yi zuru, Hasan ya warware. Aka ba ni littafin Turanci na karanta shafin farko tiryan-tiryan, aka juya shafi na tsaya cak, Hasan ya ɗauka. Haka aka yi ta yi, ya ci na ci, har aka tashi kunnen doki. Ina kallon Baba yana cire hula yana mayarwa.

Supa ya gyara gilashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe makarantar malami biyu tana kafaɗa da kafaɗa da ta cikin gari. To ai ku ba ƙari kuke buƙata ba. Ina ganin ma Malam Danladi ya cancanci a kai shi inda ake da matsala."

Garin neman ƙiba za a samo rama. Malam Danladi, mutum mai tsoron Allah, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban koya wa yaron nan ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa ba. Wani satin sai ya zo da karatun da ni kaina sai na koma gida na duba. Na ɗauka abin tagwaye ne, shi ya sa ban taɓa dukansa ba, ina gudun ya aiko min kunama." Malam Garba ma ya yi gyaran murya ya ce su ma nasu haka yake, sati guda kamar alƙali, sati guda kamar an buga masa taɓarya, har sun taɓa shawarar a nema masa rubutu. Aka fara maganar aljanu, wani tsoho har ya soma ja da baya da tabarmarsa.

Sai muryar Inna ta fito daga tagar aji biyar. "Yallaɓai, ba aljanu ba ne. Ni ce."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai unguwa sai da rawaninsa ya warware. Baba kaɗai ne bai yi ba. Ya zauna yana kallon tagar kamar wanda fari suka sauka a gonarsa ana gobe girbi.

Amma Supa ba sakarai ba ne. Da dariya ta lafa ya ce a kawar da tagwayen nan, a kawo masa wasu yaran. Ya sa aka kira wata yarinya 'yar aji biyar, Talatu, ya rubuta sunanta a allo ya ce ta karanta. Ta daɗe tana kallo, ta ce ba a kawo su nan ba tukuna. Ya ajiye alli ya yi mata tambaya da baki, ta lissafin ƙwai da kaji, kafin ya rufe baki ta ba shi amsa, har ta gyara masa cewa ba kowane ƙwai ne ke ƙyanƙyashewa ba. Nan dariya ta ɗauke. Kowa ya ga abin da Baba ya shekara shida yana son nunawa, kuma ba a jikin 'ya'yansa ba: yarinya mai kai kamar wuƙa, shekara biyar tana zuwa makaranta, ba wanda ya nuna mata sunanta. Supa ya gwada 'yan aji shida, ya tarar sun fi na baya, sai dai karatun nasu rabi-rabi ne kamar namu. Ya ce, to, idan yaro mai koriyar riga zai iya haye rafi da ilimi, bai ga abin da zai hana mai albashi ba.

A gida Baba ya yi kwana biyu ba ya cin tuwon Inna sai na maƙwabta. Da yunwa ta sasanta su, ya ce an ɓata masa aikin shekara shida, yana roƙon Allah ya sake ba shi wasu tagwayen a fara daga farko. Inna ta ce amin, in dai shi zai haife su.

Bayan 'yan watanni aka turo malamai biyu. Ɗaya ya ga rafi ya kawo sau ɗaya, bai sake dawowa ko ɗaukar butarsa ba. Ɗayan, Malam Habu, saurayi ne daga wajen Ƙofa. Baba ya ce malami dashe ne, in ba a ba shi inda zai kafa saiwa ba iska za ta tafi da shi. Ya yanka masa gona a cikin tasa, ya sa matasa suka gina masa ɗaki, ya riƙa aika masa da fura. Kafin shekara biyu Malam Habu ya ga wata 'yar ƙauyen, ita ma ta gan shi, aka sha biki. Bai bar Ta Ƙetare ba sai da ya yi ritaya. A hannunsa ƙauyenmu ya fara jin guɗar sakamako, kuma Talatu, wadda ta maimaita aji a wajensa, yau ita ce ke karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin yankinmu.

Yanzu ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta wajen Tudun Wada, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yau. Ina jin da farko zai yi murna. An yi kwalbati a rafin. Ta Ƙetare ta sami fenti, da katanga, da ƙaton allo a ƙofa mai ɗauke da sunanta da manyan baƙaƙe. Sai dai na san shi, ba zai tsaya a ƙofa ba. Zai shiga ya kira yaro ya ce karanta min allon nan. A nan hirar za ta canja, don yara sun ninka, malamai kuwa tun tafiyar Malam Habu an koma ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, a sami canji. Kwalbatin da muka yi zaton zai kawo malamai, sai ya zama ya sauƙaƙa musu komawa gida da wuri.

Zai kuma yi mamakin ganin Ta Bakin Titi ita ma ta zama ƙetaren wasu. Makarantun kuɗi sun tsiro a kowane lungu, wasu a shago, wasu a zaure, da sunaye masu tsawon da ya fi harabarsu. Malaman gwamnati da yawa can suke kai nasu 'ya'yan, abin da Baba zai kira mai tuwo da ba ta cin tuwonta. A ajina na 'yan shekarar farko, tun satin farko nake gane wanda ya fito daga makarantar bakin hanya da wanda ya fito daga ta lungu, daga Bebeji har cikin duwatsun Doguwa. Wani ya zo yana rubuta wasiƙa, na kusa da shi yana zana sunansa kamar mai zanen ƙadangare. Takardar shaidarsu iri ɗaya ce, hatimi ɗaya.

Abin da zai fi ba shi haushi, ina tsammani, shi ne gwajinsa yana nan yana gudana ba tare da kowa ya shirya shi ba. Hasan yana ƙauye yana noma da fataucin masara, 'ya'yansa suna Ta Ƙetare. Nawa suna cikin gari. Idan suka haɗu da salla a tsakar gidan Inna, jini ɗaya, kama ɗaya, sai ka ga nawa suna karanta wa nasa abin da ke cikin waya. Su kuma ba tagwaye ba ne balle a musanya musu riga. Ni da Hasan mukan kalli juna mu kawar da kai. Bara dai ya gaji da kawar da kan, ya karɓi shugabancin iyayen yara, kuma na ji an ce ya riga ya yanka wa wata sabuwar malama da mijinta fili a bayan gidansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba bai bar dukiya ba, kuma gwajinsa mafi girma a gaban jama'a ya rushe. Amma tun daga ranar gindin mangwaro ban sake jin wani a ƙauyenmu ya ce 'ya'yanmu daƙiƙai ne ba. Idan yaro ya faɗi jarrabawa, kafin a ɗauko bulala sai an tambaya wa ya koya masa, kuma sau nawa ya zo. Wannan tambayar ita ce gadonsa, kuma ba ƙaramin gado ba ne ga mutanen da aka daɗe ana gaya musu laifin kansu ne.

Da na gaya wa Inna zan rubuta wannan, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta tsufa amma bakin yana nan. Na ce mata zan faɗa wa duniya yadda ta yi wa Baba wayo shekara da shekaru bai sani ba. Ta ce in zan rubuta in rubuta daidai. Ta ce tun muna aji uku, wata safiya ya manto fartanya ya dawo, ya tarar da ita tana sa min rigar Hasan. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni, ya dube ta. Sai ya juya ya ce wa bango, "Ina na ajiye fartanyar nan ne?" alhali tana jingine a gabansa. Ya ɗauka ya fita.

Na ce, to me ya sa bai hana ba, kuma me ya sa ya tara jama'a?

Ta ce, "Taurin kai ne ya tara jama'a, yana fatan ko sau ɗaya kawai na yi musanyar. Amma bai taɓa tambayata ba. Mutumin da ba abin da bai bincika ba a duniya, wannan ɗaya ya bar shi. Kana tsammanin yana iya barci ne, ɗansa na can ƙetare yana rera gidan uku?"

Allah ya gafarta wa Malam Iro, ya haskaka kabarinsa, ya ba 'ya'yan kowane ƙetare malamin da zai haye ya zauna.